Noti ɗaya da ya cije kan tsayar da babur kwana uku a Zabori

Duk wanda ya san ƙasar Zabori, a jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, ya san cewa babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai gero kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne kuma abincin 'yan kabu-kabu. Ita dai Zabori a da tana ƙarƙashin Gaya ne, kafin a mayar da ita ƙarƙashin Dioundiou a shekarar 2011, amma har gobe idon masu babura na kan Gaya da Kamba ta jihar Kebbi idan ana maganar kayan gyara.

To, sai dai abin da ya fi kwantar da babur a wannan yanki sau da yawa ba wani babban ciwo ba ne. Noti ne guda ɗaya, wanda bai kai ɗan yatsa tsawo ba, ya cije ya ƙi kwancewa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Yankin Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma da damina babur kan yini cikin taɓo da kwazazzabai. Shi noti ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyam ne, kuma idan ruwa ya shiga tsakanin waɗannan biyun sai alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa, ya fitar da wani farin gari da ke cika ramin ya riƙe notin tamau. Notocin salansa su suka fi kowa taurin kai, domin kullum suna tsakanin zafin wuta da sanyin ruwa.

A nan ne ake gane bakanike da ɗan koyo. Yaro mai jin ƙarfi zai ɗauko sifana mai buɗaɗɗen baki, wataƙila ma lamba 13 a kan noti mai lamba 12, ya taka da ƙafa. Nan take kan notin zai murje ya zama kamar ƙwallon goriba, babu inda sifana za ta kama. Idan aka yi rashin sa'a kuwa, sai kan ya ɓalle, gindin ya tsaya cikin injin. Aikin minti goma ya koma na neman mai walda ko mai injin huda ƙarfe, wanda ba kowane ƙauye ke da shi ba, ga kuma maigidan da ya ba da babur yana jiran kuɗinsa na yini.

Shi kuwa wanda ya daɗe a sana'ar ba ya gaggawa. Zai fara kankare tsatsa da laka, ya ɗiga kananzir ko man feshi irin su WD-40, ya bar shi ya jiƙa, wani lokaci har ya kwana. Wasu kan yi amfani da man birki, sai dai yana cin fenti. Daga nan sai ya ɗan bubbuga kan notin da guduma, ba don ya fasa ba, don dai tsatsar ciki ta saki. Sannan ya sa sifana mai zobe wadda ta yi daidai, ya ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan kafin ya juya baya. Da ya ji ya motsa, sai ya riƙa kai da komo yana ƙara mai, har ya fito da haƙoransa lafiya.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a koma ga wuta. Hikimar ita ce alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi, kusan ninki biyu, saboda haka gefen ramin ake gasawa, ba notin ba. Amma fa a nan ganganci ke kashe mutum. Dole a cire tankin mai a kai shi nesa, musamman a garejin da ke maƙwabtaka da mai sayar da fetur a kwalabe. Wanda kansa ya riga ya ɓalle kuwa, akan ɗora wani noti a kan guntun a yi masa walda, zafin ya sassauta shi, a kuma sami abin kamawa. Kafin walda ana cire wayar batir, in ba haka ba a gyara noti a ƙona kayan wuta.

Wani abin dariya kuma, madubin dama na baburan Yamaha da yawa a juye yake kwancewa. Mutum zai yi ta zufa yana zagin tsatsa, alhali ɗaurewa yake yi.

Tun bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, lokacin da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanville da iyakar Nijeriya, masu babura suka ɗanɗana tsadar kaya, duk da cewa an sake buɗe ɓangaren Nijeriya a watan Maris na 2024. Kan injin da a da akan jefar a sayo sabo, yanzu sai an yi ta lallaɓa shi. A ganina ma laifin ba na damina kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin notocin nan tun ranar ɗaurinsu aka cuce su: an mayar da su a bushe, babu ko ɗigon giris, an kuma sa bututu a bakin sifana an danne, wai don kada su kwance a hanyar Dioundiou.