Mene ne kyamarar hular kwano?

Bidiyon hatsarin da ake yawan gani a labarai, wanda aka ɗauka daga kan babur, galibi aikin wata 'yar ƙaramar kyamara ne da ake liƙawa a hular kwano. GoPro, DJI da Insta360 su ne sanannu a kasuwa.

Kyamarar tana ɗaukar duk inda mahayi ya juya kansa, ta ajiye a katin memori. Wasu kyamarorin idan katin ya cika sai su goge tsohon bidiyo su ci gaba.

Wurin saye, a fara duba ko tana daidaita hoto, domin girgizar hanya kan sa lambar mota ta ƙi karantuwa. Ingancin 4K na cinye batir da kati, 1080p ya ishi mai neman shaida. Wurin liƙawa kuwa, a haɓa ta fi zama daidai; a saman kai iska na fizgarta, wuya ya gaji. Kada a huda hular, huji na raunana ta. Manne ya wadatar.

Masu kai saƙo da 'yan acaɓa sun fi amfana idan gardama ta tashi bayan karo. Sai dai gangancin mahayin ma tana ɗauka.