Ko Kun Sani? Ana Auna Sarƙaƙiyar Manhaja da Lamba

A shekarar 1976 Ba'amurke Thomas McCabe ya fito da hanyar auna sarƙaƙiyar manhajar kwamfuta. Ana farawa da 1, sai a ƙara ɗaya duk inda kwamfuta za ta zaɓi hanya bisa wani sharaɗi ko ta maimaita aiki. Ya ba da shawarar kada sashe guda ya wuce 10, tunda kowace hanya sai an gwada ta. A yau manhajoji irin su Checkstyle da PMD da SonarQube ke yin wannan ƙidaya ta hanyar karanta rubutun manhajar, ba sai an kunna ta ba. Ban da sarƙaƙiya, Checkstyle kan yi gargaɗi a kan tsawo idan sashen manhajar da aka rubuta da harshen Java ya zarce layi 150, sassaucin da ya yi yawa, amma ana iya rage adadin.