Fayil Ɗin Da Ya Yi Ƙaura Sau Uku

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, wannan magana ta shafi 'yan'uwanmu masu gyaran kwamfuta a Ikko da Ibadan da Fatakwal, musamman waɗanda akan kawo wa tsofaffin na'urori masu aiki da Linux. Sau da yawa mutum zai sabunta manhaja, ya kunna, sai ya tarar babu sauti, ko kuwa na'urar ta ƙi shiga intanet. Nan da nan sai ya yanke hukunci cewa wani ƙarfe ya ƙone, ya sa mai kaya ya sayo sabo, alhali kuwa lafiyarsa lau.

Ga yadda abin yake. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finlan cikin 1991, tana da zuciya da ake kira kanel. Ita zuciyar ba ta ɗaukar kome da kome a ka. Akwai 'yan guntayen manhaja da ake kira modul, kowane da ƙarfen da yake yi wa tafinta, sai an bukace shi a kirawo shi. To, wa zai gaya mata wanda za ta kira, da sharaɗin da zai yi aiki a kai? Wani ɗan fayil ne a cikin jakar /etc.

Da fari sunansa conf.modules. Daga baya aka juya shi ya zama modules.conf, da shi aka yi zamanin kanel 2.4 wadda ta fito a watan Janairu 2001. Wannan sauyi bai tayar da ƙura sosai ba.

Babbar ƙaura ita ce ta Disamba 2003, da kanel 2.6 ta fito. Wani masani ɗan Ostareliya, Rusty Russell, ya sake rubuta hanyar ɗora modul tun daga tushe. Tsofaffin kayan aiki, watau modutils, suka daina amfani, module-init-tools suka gaje su, su kuwa modprobe.conf suke karantawa. Ba suna kaɗai aka sake ba. Umarni irin su pre-install da above da below duk an soke su, aka bar install da remove su ɗauki nauyinsu. Wutsiyar sunan modul ta tashi daga .o ta koma .ko, har wasu suka sake suna ɗungum: usb-uhci ya zama uhci-hcd. An dai tanadi wata 'yar dabara, generate-modprobe.conf, mai juya tsohon fayil zuwa sabo, amma mai hankali yakan bi abin da ta fitar layi-layi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na'urar ba ta cewa uffan. Tsohon fayil yana nan zaune daram, kana ta gyara shi har dare, ba wanda ke karanta shi.

Ƙaura ta uku kuwa, tun da kmod ya bayyana a ƙarshen 2011 ya karɓi aikin, sai a jakar /etc/modprobe.d ake ajiye umarni, kowane fayil kuma dole sunansa ya ƙare da .conf, in ba haka ba a tsallake shi.

Saboda haka, malam mai gyara, kafin ka ɗauki sukuddireba, rubuta uname -r ka ga lambar kanel, sa'an nan lsmod ya nuna maka waɗanda aka ɗora. In modul ɗin katin ba ya ciki, kira shi da modprobe, ka saurara ko lasifika za ta yi magana.