Amfanin Bayanai Wajen Rage Giɓin Kulawa a Inshorar Lafiya

Duk takardar neman biyan kuɗi da asibiti ya aika wa kamfanin inshorar lafiya tana ɗauke da cutar da aka gano, da aikin jinyar da aka yi, da ranar da majinyaci ya ga likita. Idan aka tattara waɗannan takardu, kamfanin zai iya sanin waɗanda ke samun kulawa a cikin mambobinsa da waɗanda aka bari a baya. A Amurka, inda mace baƙar fata ta fi farar fata haɗarin mutuwa a dalilin ciki da haihuwa kusan sau uku, wannan sani yana iya ceton rai.

Matakin farko shi ne rarraba alƙaluma gida-gida. Jimillar adadi takan ɓoye matsala, domin kamfani zai iya nuna cewa yawancin masu hawan jini suna samun sauƙi, alhali wani rukuni na cikinsu yana shan wahala. Saboda haka ne hukumar NCQA, mai tantance ingancin kamfanonin inshora a Amurka, ta fara buƙatar a riƙa rarraba ma'aunai biyar bisa launin fata da asali daga shekarar 2022. Ma'aunan sun shafi hawan jini, da ciwon suga, da gwajin ciwon dajin hanji, da awon ciki da kulawar bayan haihuwa, da duba lafiyar yara.

Mataki na biyu shi ne gano dalili. Sau da yawa abin da ke hana mutum zuwa asibiti ba ya cikin takardar likita: rashin abin hawa, ko ƙarancin abinci, ko rashin jin Turanci. Kamfanoni kan samo wannan ta hanyar tambayar mambobi kai tsaye, sannan su haɗa amsoshin da bayanan unguwannin da suke zaune. Daga nan sai a ɗauki matakin da ya dace da matsalar, kamar samar da motar kai majinyaci asibiti, wadda shirin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi ke biya, ko tafinta, ko jami'in lafiya da zai bi mutum har gida.

Sai dai bayanai kan ɓatar da mai amfani da su idan ya auna abin da bai dace ba. A 2019 mujallar Science ta wallafa binciken Ziad Obermeyer da abokan aikinsa kan wata manhaja mai zaɓo marasa lafiyar da ke buƙatar ƙarin kulawa. Manhajar ta ɗauki yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a matsayin ma'aunin tsananin ciwonsa. Tun da dama ba a kashe wa baƙaƙen fata kuɗi kamar farare masu irin ciwonsu, sai ta riƙa ɗaukarsu a matsayin masu dama-dama. Masu binciken sun nuna cewa gyara kuskuren zai ɗaga kason baƙaƙen fata cikin waɗanda ake zaɓa daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin ɗari.

Akwai kuma batun amana. Dokar HIPAA ta 1996 ta wajabta kare sirrin bayanan majinyata, amma mutane da yawa kan ƙi faɗin asalinsu don tsoron kada a nuna musu bambanci. Wajibi ne kamfani ya bayyana wa mambobinsa dalilin tambayar, ya kuma riƙa sake auna alƙaluman kowane rukuni shekara-shekara, domin ta haka kaɗai ake tabbatar da cewa giɓin yana raguwa.