Kafin ka biya kuɗin laftof ta hannu: Kada tambarin i7 ya ruɗe ka

Idan kana cikin masu tara kuɗi don sayen laftof, ko don karatu, ko don koyon zane da haɗa bidiyo, ko don neman ɗan aikin intanet da zai riƙa kawo maka na cefane, to ka ɗan tsaya mu yi magana kafin ka shiga kasuwa. Yawancinmu ba sabuwa muke saya ba. Ta hannu muke nema, wadda ake kira tokumbo, irin waɗanda ke cike a shagunan titin Beirut da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja. Babu laifi a cikin haka. Matsalar tana wajen zaɓe.

Wani ƙanena ya yi wata bakwai yana adashe, ya haɗa da abin da mahaifiyarsa ta ba shi, ya je ya dawo da laftof yana murna. Na ce masa wace iri ce? Ya ce, "Yaya, i7 ce fa!" Da muka kunna, sai ga firosesar 2013 a ciki, ga tsohon hadis mai juyawa, ga batirin da ba ya kai minti arba'in. Mai shagon bai yi masa ƙarya ba, i7 ɗin ce. Shi ne bai san tambayar da zai yi ba, ya yi wa rogo kallon kitse.

Shekarar firosesa ta fi sunanta muhimmanci

Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfanin Intel yana raba nasa gida-gida: i3, i5, i7. Amma kusan kowace shekara yana fitar da sabon zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira "jen". Don haka i7 ba abu ɗaya ba ce, kamar yadda Corolla ta 2003 da ta 2018 ba mota ɗaya ba ce duk da sunansu ɗaya.

Zubin yana cikin lambar da ke bayan sunan. Idan ka ga i7-4600U, lambar farko 4 ce, zubi na huɗu ke nan, na 2013. Idan ka ga i5-8250U, zubi na takwas ne, ya fito a 2017. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa: i5-10210U na goma ne, i5-1135G7 kuma na sha ɗaya.

Ga inda abin ya fi daɗi. A cikin i7-7500U, ta zubi na bakwai, cibiyoyin aiki biyu ne kacal. A cikin i5-8250U kuwa huɗu ne. Wato i5 ɗin da mai shago zai ce maka "ƙarama ce" ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi idan ka buɗe ayyuka da yawa a lokaci guda. Sau da yawa ma ta fi ta araha, saboda kowa i7 yake tambaya.

Harafin ƙarshe ma yana da magana. U na nufin an yi ta don tattalin wuta, ba ta cin batir sosai, ta dace da ɗalibi da ma'aikacin ofis. H na nufin ƙarfi, ta dace da mai haɗa bidiyo ko zanen gini, amma tana zafi kuma tana shan batir kamar ruwa. A garin da wuta sai an ga dama, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Maganar Windows 11

Akwai dalili na biyu da ya sa zubi na takwas ya zama iyaka. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai dai ƙarin wa'adin shekara guda ga waɗanda suka yi rajista, zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa ba kowace kwamfuta take karɓa ba. A ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas take farawa, kuma tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Idan laftof ɗin AMD ce, ka nemi Ryzen mai lamba 3000 zuwa sama, irin Ryzen 5 3500U.

Me ya shafe ka? Kamfanoni da makarantu a Turai da Amurka suna sauke tsofaffin kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba, kuma ka san inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa. Za ka ga wasunsu a kanta da Windows 11 a kai, domin akwai dabarar tsallake sharaɗin a dasa ta da ƙarfi. Za ta yi aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi wa irin wannan kwamfutar alkawarin sabuntawa ba. Kai kuma a kanta za ka buɗe asusun bankinka da imel ɗinka. Saboda haka ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce. Lambar firosesa ce hujja.

SSD da RAM: inda saurin yake

Ka ɗauki kwamfuta kamar shagon tela. Ma'ajiya ita ce durowar da yadi yake, RAM kuma teburin da ake shimfiɗa shi a yanka. Idan tebur ƙarami ne, tela zai yi ta kai-komo tsakaninsa da durowa. Idan durowar kuma mai wuyar buɗewa ce, aiki ya tsaya.

Ma'ajiya iri biyu ce. Tsohon hadis, HDD, faifai ne ke juyawa a cikinsa, yana karanta kusan megabait 100 a daƙiƙa, kuma faɗuwa ɗaya na iya kashe shi. SSD ba abin da ke motsi a cikinta. Mai haɗin SATA tana kai megabait 500 da ɗoriya, mai haɗin NVMe kuma tana shiga dubbai. Wannan ne bambancin kwamfutar da ke tashi kafin ka gyara zama da wadda za ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama ba. Idan an ba ka zaɓi tsakanin HDD mai gigabait 1,000 da SSD mai 256, ɗauki SSD. Fina-finai da hotuna ka zuba su a ma'ajiyar waje.

Ka kuma yi hattara da sababbin ƙananan laftof masu sheƙi da araha, masu firosesar Celeron da ma'ajiyar eMMC mai gigabait 32 ko 64. A kwali suke zuwa, amma Windows kaɗai ta kusa cinye wurin, kuma galibi ba a iya canza ma'ajiyar. Tsohuwar Dell Latitude ko HP EliteBook ko Lenovo ThinkPad mai lafiya ta fi su nesa ba kusa ba, domin an yi su ne don ma'aikatan kamfani, jikinsu da ƙwari, kayan gyaransu kuma suna samuwa a kasuwanninmu.

RAM kuwa, Windows 11 tana karɓar gigabait 4, amma karɓa daban, jin daɗi daban. Ka buɗe Chrome da shafuka goma, ka haɗa da Word da Zoom, za ka ga ta fara numfashi sama-sama. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 ga mai zane ko rubuta manhaja. Ka tambaya kuma: ana iya ƙarawa? Wasu siraran laftof an like RAM ɗinsu a jikin allon wuta, yadda ka saya haka za ka mutu da ita.

Wata dabarar da ake yi wa masu son wasa da haɗa bidiyo ita ce a ce "tana da girafiks gigabait 8". Sau da yawa wannan aro ne daga RAM, ba nata ba ne. Katin hoto na gaske, irin na Nvidia, yana da nasa wurin daban, kuma kwamfutar za ta nuna maka nawa ne nata, nawa ne na aro.

Minti ashirin a shago

Duk abin da na lissafa za ka iya gani da idonka, ba sai ka zama injiniya ba. Ka ce, "Oga, ba ni minti ashirin in duba." Mai kayan kirki ba zai hana ka ba. Wanda ya fara cewa sauri yake yi, ka ba shi kayansa.

Da farko ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A nan za ka ga cikakken sunan firosesa, da yawan RAM, da gurabenta nawa aka cike, da kuma ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Takardar da aka manna a jiki kowa na iya manna ta, wannan kuwa daga cikin na'urar yake fitowa.

Sai batir, wanda a wurinmu kusan shi ne rabin kwamfuta. Kada ka yarda da "yana yin awa biyar". Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoto, ka buɗe shi. Lambobi biyu za ka nema: Design Capacity, ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi, da Full Charge Capacity, abin da yake iya ɗauka yau. Idan na farko 50,000 ne na biyu 30,000, saura kashi 60 cikin ɗari ke nan. Ba lallai ka fasa ba, amma ka cire kuɗin sabon batir daga farashin. Idan kuma ka ga wurin shafa yatsa ya ɗan tasa sama, ko gindin laftof ɗin ya yi tudu, batirin ya kumbura. Wannan haɗari ne, yana iya kama wuta.

Don lafiyar ma'ajiya, ka zo da ƙaramar manhajar CrystalDiskInfo a filashinka. Kyauta ce, tana nuna awa nawa ma'ajiyar ta yi aiki da kuma ko ta fara gazawa.

Allo ma ka duba shi. Ka buɗe farin hoto ya cika fuska, sannan baƙi, ka nemi ɗigo ko layi ko tabo. Ka duba girmansa a saiti: 1920 x 1080 ya fi 1366 x 768 sauƙin karatu sosai, musamman idan za ka kwana kan aikin kammala digiri. Ka buɗe Notepad ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. Ka gwada kyamara, lasifika, Wi-Fi da kowace kafar USB. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa, ka ji ko maƙalin yana ƙara. Ka kunna bidiyo na minti goma ka saurari fanka. Idan tana kuka kamar injin markaɗe, ko zafi ya hana ka ɗora hannu, to ka tuna a shago mai sanyi ke nan, ba ta haɗu da zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba tukuna.

Makullin da ba a gani

Wannan ne ya fi cutar da mutane, domin ba ya bayyana ranar ciniki. Ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, ka shiga BIOS: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ajiye ta. Wasu kuma har yanzu suna cikin rajistar kamfanin da ya yi amfani da su a waje. Ranar da ka sake dasa Windows ka haɗa ta da intanet, sai sunan kamfanin ya fito yana neman shaidar ma'aikaci. Ka tambayi mai shago a kan wannan, ka sa shi cikin sharaɗin mayarwa. Idan MacBook ce, ka tabbata an cire asusun iCloud na tsohon mai ita a gabanka.

Caja ma kada ka raina ta. Ka duba wat nawa aka rubuta a jikinta, 45 ko 65 ko sama, ka tabbata ya yi daidai da abin da kwamfutar ke nema. Cajar bogi da wutar janareta mai hawa da sauka sun kashe kwamfutoci da yawa. Ka ware ɗan kuɗi ka sayi soket mai kare na'ura daga wutar da ta zo da ƙarfi.

Ƙarshe, kada ka bar shagon ba rasit. A rubuta lambar jikin kwamfutar a kai, da sunan shago, da kwanakin garanti, ko da mako biyu ne. Wannan takardar ce za ta tsaya maka idan na'urar ta mutu jibi, ita ce kuma za ta wanke ka idan wata rana aka ce kayan sata ne. Wanda ya tare ka a bakin titi da laftof a jaka da farashi mai daɗi, ba rasit ba shago, ka bar masa arahar.

Ke ma 'yar'uwa, idan wani za ki aika ya sayo miki, ki rubuta masa a takarda: zubi na takwas zuwa sama, RAM gigabait 8, SSD mai 256, rahoton batir, rasit mai lamba. Idan kuɗin bai kai ba, gara a ƙara wata biyu ana tarawa da a sayi wadda za ta koma ado a kan tebur.

Shi ƙanen nawa mun canza masa hadis zuwa SSD, mun sa sabon batir, yanzu tana ɗan taɓukawa. Amma da muka haɗa abin da ya kashe gaba ɗaya, ya kai kuɗin i5 ta zubi na takwas da ya wuce a shagon farko saboda ba a rubuta 7 a jikinta ba. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kai dai ka shiga kasuwa da lambobinka a hannu.