Hoton Maciji Da Amfaninsa: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Ana sanad da hakimai da dagatai da malaman da ke riƙe da littattafansu, musamman na ƙasar Wudil da garuruwanta irin su Lajawa, cewa a kan sami baƙi masu neman izinin shiga daji domin ɗaukar hoton macizai da sauran masu jan ciki, kamar damo da guza da hawainiya da kunkuru. Waɗansu ɗalibai ne daga jami'o'in Wudil da Kano, waɗansu ma'aikatan asibiti, waɗansu kuwa sha'awa ce kaɗai ta kawo su. Talakawa su kan ɗauke su gardawa ko mafarauta, har a kai ƙara. Wannan takarda za ta bayyana amfanin aikin, da yadda ya kamata a yi shi.

Dalilin wannan aiki

Macizai iri iri ne, yawancinsu kuwa ba su da dafin da zai kashe mutum. A ƙasar Hausa uku ne suka fi ɓarna. Na farko kububuwa, wadda a ke yi wa kirari da gobe-da-nisa. Ƙarama ce, da ƙyar ta ke wuce kamu guda, tana goga jikinta ya yi ƙara in an matsa mata, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Na biyu kasa, mai kauri, mai kwanciya shiru a hanya har a taka ta. Na uku kumurci, mai fasa kai, mai tofa dafi a ido, wanda ke shiga gida da dare neman ɓera da kwaɗi.

Tun cikin shekarun 1970 likitoci, cikinsu har da Dokta David Warrell na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, suka bincika saran waɗannan macizai a Zariya da Malumfashi. An tabbata cewa maganin dafin wani ba lalle ya yi wa na wani aiki ba. Akwai allura mai suna EchiTAbG ta dafin kububuwa kaɗai, akwai kuma EchiTAb-Plus wadda ta haɗa duka ukun. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta ƙudura rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030. Ba a iya rarraba magani daidai sai an san wane maciji ke wace ƙasa. Hoto mai kwanan wata da sunan wuri shi ne shaidar da a ke bukata, ga shi kuma ba a kashe dabba ba, ba a taɓa ta ba.

Inda a ke samunsu

Maciji ba shi da ɗumin jiki na kansa, daga rana da ƙasa ya ke samu. Saboda haka da hunturu ya kan ɓuya a rami, sai hantsi ya fito shan rana. Da bazara ba ya yawo da tsakar rana, sai almuru da dare. Farkon damina, sa'ad da ruwa ya cika ramuka kwaɗi suka yawaita, shi ne lokacin da a ke fi ganinsu, sai kuma da kaka a ƙarƙashin dammunan gero da dawa da tarin harawa.

Mai nema ya duba gindin suri, da kogon kuka, da tsibin duwatsu, da shingen burtali. Guza da kififiya suna bakin ruwa, kamar fadamun Kogin Wudil. Damo ya fi son tudu mai ramuka. Saɓar maciji, da sawunsa a kan rairayi, da hayaniyar tsuntsaye a kan itace guda, duk alamu ne. Makiyaya da manoman wurin sun fi kowane baƙo sanin waɗannan, don haka a haɗa baƙo da ɗan gari.

Sharuɗɗan da za a gaya wa mai hoto

1. Ya fara zuwa gaban hakimi ko dagaci, ya faɗi sunansa da inda ya fito da kwanakin da zai yi.
2. Ya tsaya a makiyaya da burtali da dajin da ba gonar kowa ba. Gona da gida da maƙabarta sai da yardar masu su. Gandun daji kuwa, kamar na Falgore, sai da takarda daga ma'aikatan gandun.
3. Kada ya tafi shi kaɗai. Ya sa takalmi mai rufe ƙwauri, ya riƙe sanda, da dare kuma tocila.
4. Ya bar taku biyar ko fi tsakaninsa da maciji, ya jawo hoton kusa da madubin kyamara ko na waya. Tofin kumurci ya kan kai wajen yadi biyu ko uku.
5. Kada ya sa hannu a rami, kada ya fasa suri, kada ya sa wuta a ciyawa. Dutsen da ya ɗaga da sanda ya mayar da shi yadda ya same shi.
6. Kada ya kama dabba, ko ya biya yara su kamo masa. Nan ne a kan yi hasarar rai.
7. Hoton ya nuna kai da zanen baya da tsawon jiki, gama da su a ke gane iri.

A tuna akwai Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, a 1985 kuma gwamnatin tarayya ta kafa dokar tsare dabbobin da ke neman ƙarewa, ta sa mesa da kada a ciki. Wanda ya ce hoto ya zo ɗauka, aka gan shi da buhu ko ƙirgi, a sanad da hukuma.

Aikin malamin hakimi

Malami ya keɓe littafi guda. A kowane shafi ya rubuta kwanan wata, da unguwa, da lokaci, da sunan da mutanen wurin ke kiran dabbar, da wanda ya ɗauki hoton. In an sari wani a ƙasar, shi ma a rubuta, da abin da ya ke yi sa'ad da aka sare shi. A roƙi baƙo ya bar kofen hotunansa, a nuna wa malamin asibiti da malaman makaranta. Bayan damina biyu ko uku, hakimi zai sami hujjar da zai kai wa ƙaramar hukuma in yana neman a ajiye allura a asibitin da ke kusa da mutanensa.

In tsautsayi ya auku

Kada a ɗaure wurin tam, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da munduwa, a hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. Wanda aka yi wa tofi a ido a wanke masa da ruwa mai yawa. Kada a ɓata lokaci wajen bin macijin. In an riga an sami hotonsa daga nesa a nuna wa likita, in babu, likita yana da gwaji: ya kan ajiye jini cikin kwalba mai tsabta minti 20 ya ga ko zai daskare.

Ana roƙon hakimai su karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani kafin faɗuwar damina, su kuma su isar wa talakawa. Allah ya kiyaye mu, amin.