Me Ya Sa Romon Ƙafar Saniya Yake Daskarewa?

Duk wanda gidansu ake farfesun ƙafar saniya ya san wannan abu. Da hunturu, in aka kwana da ragowar farfesun a tukunya, da safe sai a tarar romon ya kafe, yana rawa in an girgiza shi. Wata ɗaliba daga Unguwar Sarki ta taɓa tambayata ko kitse ne ya sandare, ko kuwa alamar lalacewa ce. Amsar ita ce ba ko ɗaya. Kitse shi ne farin da ke tasowa sama, mai maiƙo a yatsa. Abin da ke ƙarƙashinsa, mai danƙo da ɗan haske, wani abu ne daban da masana ke kira jelatin.

Asalinsa wani nau'in furotin ne mai suna kolajin, wanda shi ne ya fi kowane furotin yawa a jikin mutum da na dabba, domin ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari. Shi ke ƙarfafa fata da jijiya da guringuntsi da ƙashi. Ƙafar da ake sayowa daga Zango a Tudun Wada, a babbake ta, a kankare, ba ta da tsoka sosai. Galibinta fata ce da jijiya, wato kolajin ne jibge. Haka ma ganda.

Ƙirar kolajin ta yi kama da igiyar da aka tufka da zare uku. Masanin nan ɗan Indiya, G. N. Ramachandran, da abokin aikinsa ne suka bayyana wannan tufka a Madras cikin 1954. Muddin tufkar tana nan, ruwa ba ya narkar da ita, haƙori ma da ƙyar. Amma idan zafi ya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, sai ta soma saki. In aka ci gaba da dahuwa na sa'o'i, zarurrukan su warware ɗaya bayan ɗaya su bazu cikin ruwa. Waɗannan warwararrun zarurruka su ne jelatin. Wannan ne dalilin da iyayenmu mata ba sa gaggawa da ƙafa: ba ƙarfin wuta take bukata ba, lokaci take bukata.

To, idan romo ya fara hucewa, sai zarurrukan su yi ƙoƙarin komawa tufkarsu ta da. Ba sa iyawa gaba ɗaya. Nan da can suke sarƙewa, har su zama kamar komar masunta, ruwa kuma ya maƙale a cikin ramukanta. Saboda haka abin da muke gani kamar ya sandare, mafi yawansa ruwa ne. Sarƙewar ba ta da ƙarfi, tana sakewa kafin zafi ya kai digiri 35, ƙasa da zafin jikin mutum mai digiri 37. Shi ya sa yake narkewa a baki, shi ya sa kuma romon da ya kafe a daren Janairu a Kawo ba lalle ya kafe da rana tsaka cikin Afrilu ba.

Mu dai ɗumama shi muke yi mu sha da zafi. Turawa kuwa da gangan suke daskarar da shi su ci da sanyi kafin babban abinci. Faransawa suna kiransa asfik, Rashawa holodets, kuma sau da yawa da ƙafar alade suke yi. Ƙafar saniya tana yin aikin daidai wa daida. Akan dafa ta a hankali na sa'o'i biyar ko shida, a kwashe kumfa da kitse, a tace romon, a zuba shi kan yankakken nama, a sa a firij ya kwana. Ya kamata mai karatu Musulmi ya sani cewa kaso mai yawa na jelatin ɗin masana'anta, wanda ake sa wa wasu alawoyi da ɓawon kafso, daga fatar alade ake samunsa, ko da yake akwai na shanu da na kifi.

Inda nake son a fi natsuwa shi ne nan. A 1881, likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya nemi abin da zai riƙa renon ƙwayoyin cuta a kai domin nazari. Abin da ya zaɓa shi ne romon nama da aka daskarar da jelatin. Daga baya aka koma ga agar, wani abu da ake samu daga ciyawar teku, bisa shawarar Fanny Hesse, matar wani abokin aikinsa, domin shi ba ya narkewa a digiri 37. Ma'ana, tukunyar da ta kwana a madafa gona ce ta bakteriya. Tsakanin digiri 5 da 60 suke hayayyafa, wasunsu kuma suna da 'ya'yan da tafasa ba ta kashewa, sai romo ya huce su farfaɗo. Daskarewa ba shaidar lafiyar abinci ba ce, wari ma ba kullum yake fitowa ba. A raba ragowar farfesu cikin ƙananan kwanoni don ya huce da wuri, ya shiga firij cikin sa'o'i biyu. Inda wuta ba ta da tabbas, a ganina gara a dafa daidai ci. In kuwa ya kwana, a tafasa shi sosai kafin a sha.

Ga malamai kuma, ga gwaji mai araha. A zuba tataccen romo mai ɗumi cikin kofi uku. Na farko a bar shi haka, na biyu a sa masa ɗanyen abarba, na uku a sa dafaffe, sa'an nan a kai su firij. Na biyu kaɗai zai ƙi kafewa, domin abarba tana da sinadarin da ke yanyanka zaren furotin, dahuwa kuma tana kashe ƙarfinsa. Ɗanyar gwanda ma tana da irinsa, abin da ya sa ake tausasa nama da ita. Ba don ci ake wannan gwaji ba, a zubar da shi in an gama.